Jelar Rigar Delbert

Duk wanda ya shiga sansanin farautarmu na kan dutse, kafin idonsa ya kai ga ƙahonin barewar da aka jera a saman ƙofa, bangon gabas yake fara gani. Tsummoki ne kafe da ƙusa, tun daga kusa da rufi har inda gadon Emmet mai girki ya tokare. Dokar tun ta kakanni ce: ka auna barewa, ka harba, ka kuskure, to da yamma kotu za ta zauna, a yanke jelar rigarka a kafa ta a bango. Ba wanda ba shi da tasa a wurin, har fasto. Amma in aka kasa bangon nan uku, kashi biyu na Delbert Kuhns ne, kuma a ƙarshen layinsa akwai wata ƙusa da ba ta riƙe da jelar kowa, sai tawul ɗin goge hannu.

Kada wani ya ɗauka Delbert sakarai ne. A gonar shanu aka haife shi, can ƙasan kwari, kuma shekara talatin da 'yan kai ya yi yana tuƙa tankar madara a hanyoyin arewacin Pennsylvania, waɗanda in ƙanƙara ta kwanta a kansu ko akuya sai ta yi tunani kafin ta taka. Bai taɓa jefa motar nan a rami ba. Hannunsa ba ya rawa. Shi ke zura wa matarsa Verna zare a allura tun da idonta ya fara gajiya. Da rani ka jera masa gwangwanaye a kan shinge ka koma gefe, zai kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya yana yi maka hira. Amma bari ya hango ƙaho ya ɓullo daga cikin itatuwa. Nan take zuciyarsa za ta hau dukan uku-uku, gwiwa ta saki, numfashi ya sarƙe, bakin bindiga ya shiga yawo kamar yana neman wani abu da ya ɓata a sama. Zazzaɓin barewa muke ce wa abin. Kowa ya taɓa yinsa yana saurayi ya warke, na Delbert ne kawai ya ƙi jin magani. Barewa ɗaya tak ya taɓa kashewa a rayuwarsa, ita ma da tankar madara.

Sai dai ko wuƙa za ka sa masa a wuya ba zai yarda zazzaɓi ne ba. Shi a wurinsa laifin kujerar madubi ne, wato ɗan ƙarfen nan mai tsawon tafin hannu da ake ɗaurewa a gadon bayan bindiga da noti huɗu, madubin hange ya zauna a kai. Kowace shekara in kotu ta tambaye shi ko yana da uzuri, sai ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Kujerar nan ba ta zauna daidai ba tun daga kanti. Da rani lafiya lau take. Amma da sanyi ya shiga ƙarfe, sai ta goce. Ni na san abin da nake ji a hannuna."

Alƙalin kotun kuwa Lyle Rishel ne, ƙanin Verna, mai gyaran famfo, wanda tun ranar bikin yayarsa ya ɗaura ɗamarar tsokanar angon bai kuma kwance ba har yau da yake neman shekara saba'in.

"Mijin Yaya," zai ce, yana wasa wuƙar babansu a tafin hannu, "ba notin kujera ne ya kwance ba, na kanka ne. Juyo."

Rigar guda ɗaya ce tun farko: ta ulu, ja da baƙi, Verna ta saya masa shekarar da suka yi aure. Ran da ya fara dawowa da ita gundul, ta ɗaga ta sama, ta dube shi, ta ce, "Wato na aike ka nemo nama, ka dawo min da aikin ɗinki." Ta hau keke ta yi mata sabuwar jela da ragowar wani yadi. Shekara ta zagayo aka sake. Da ragowar yadi ya ƙare sai ta shiga labule. Daga labule ta koma shimfiɗar tebur, daga nan tsohon wandonsa na coci, rigar makarantar 'yarsu Corinne, zanen gado, har buhun abincin kaji an taɓa yi, shekarar da ta yi fushi da gaske. Bangon nan dai ya zama tarihin gidan Kuhns. Mutum zai nuna wani koren tsumma ya ce, "Wannan ai labulen falonsu ne kafin ambaliya." Kowace shekara, tun kafin Delbert ya gama sauke kayansa daga mota, sai wani ya ɗaga masa jaket ta baya don a ga abin da Verna ta sadaukar bana.

Ita kuma faɗanta biyu ne, ba ta taɓa canza su ba. Na farko, "Delbert, gidan nan kaf a bangon sansani zai ƙare." Na biyu a kan halin da ya taso da shi tun daga garken shanu ne: duk abin da ya taɓa hannunsa, baƙin mai ne, miya ce, fenti ne, sai ya kai hannu baya ya goge a jelar riga.

"Ga tawul can a rataye yana kallonka! Ni na ɓata ido na ɗinka, kai ka mai da ita tsumman goge-goge."

Hali zanen dutse. Zai ce ya daina, kafin a tashi daga cin abinci ya sake.

Jela ta ƙarshe daban ce. Ya dawo daga sansani da rigarsa gundul kamar kullum, ya tarar ciwon da ke cin Verna ya kai inda likitoci suka daina yi mata alkawari. Duk da haka ta sa aka jawo mata keken ɗinki kusa da murhu, ta ce ya miƙo mata ƙyallen da take ɗaurawa a gaba in za ta yi girki, shuɗi mai ƙananan furanni ruwan ɗorawa.

"Haba Verna, har da wannan?"

"Girkin nawa ya rage min? Zura min zare."

Ya zura. Ta ɗinka a hankali, tana hutawa tana ci gaba, da ta gama ta ciji zaren ta wurga masa rigar. "Wannan ka riƙe shi da kyau, maigida. Labulena sun ƙare." Ta rasu lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa.

Da ganye ya fara zuba, sanyi ya dawo, Delbert ya ciro rigar daga kabad ya shiga sa ta a gida, abin da bai taɓa yi ba. Yana zaune da ita a kicin wata safiya lissafin ya faɗo masa, har kofi ya sarƙe shi. Farauta ta kusa. Zai harba, zai kuskure, Lyle zai yanke, kuma babu mai ɗinka wata. Abin da hannun Verna ya taɓa na ƙarshe zai koma bango ya sha hayaƙi tare da buhun abincin kaji. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a kan ƙanƙara da tanka cike.

Corinne ta bugo daga birni ta ce, "Baba, ai abin mai sauƙi ne, ka bar rigar a gida." Ya ce ba ta san sansani ba, wanda ya zo da baƙuwar riga don ya ɓoye ta gaskiya, duka biyun ake yankewa, kuma shi bai taɓa shiga daji babu ɗinkin uwarta a bayansa ba, ba kuwa zai fara da tsufansa ba. Ta ce to ya je ya zauna kawai, kada ya harba. Wannan ya yi tunaninsa. Amma ya san kansa: in ƙaho ya bayyana, yatsansa ba ya neman shawararsa. Hanya ɗaya ta rage, ya harba ya samu. Kuma mutumin da ya shekara talatin yana cewa laifin kujera ne, ba shi da inda zai fara sai kujera.

Ya ɗauki waya. "Lyle, ka zo min da gam ɗin nan naka."

Lyle ya ce, "Wa ke magana?"

"Kai yaro, ba na son iskanci."

"A'a, ina so in tabbatar ne. Shekara nawa ina roƙonka ka bari in yi wa kujerar nan shimfiɗar gam, kana cewa sai baɗi? Ni na ɗauka kana tsoron uzurinka ya mutu ka zama maraya."

Washegari da hantsi ya iso da akwatinsa. Gam ɗin ifoksi ne, mai zuwa a 'yan robobi biyu kamar na man goge baki, ɗaya baƙi ɗaya fari, wanda in aka gauraya su suka bushe sai su koma kamar ƙarfe. Ana shafa shi a ƙarƙashin kujerar ya cike duk wani gibi, ta zauna daram a bayan bindiga. Suka shimfiɗa jarida a teburin kicin, suka duba babu harsashi, suka zare sakatar bindigar, suka sauke madubi. Lyle ya ɗaure notin gaba biyu kawai, ya bar na baya, ya yago gefen takardar sanarwar coci.

"Yanzu za ka ga ƙarya ta ƙare. In takardar nan ta shiga ƙarƙashin ƙarfen nan, akwai gibi. In ba ta shiga ba, ka nemi gafarar kujera a gaban shaidu."

Ya tura takardar. Ta shige sumul, har ta leƙo ta ɗaya gefen.

Delbert ya miƙe tsaye, kujerar da yake zaune a kai ta kife. "Ka gani! Ka gani da idonka! Shekara talatin ina faɗa, kuna ce min mahaukaci! Ina wayar nan? Sai na kira Emmet. Sai na kira fasto!"

Lyle ya ɓata rai kamar an taka masa ƙafa. Ya zare takardar ya sake turawa, ko za ta canza shawara. Ba ta canza ba.

"To, akwai gibi. Na ji. Amma gibin nan iyakarsa ya kai harsashi taƙi ɗaya gefe. Kai fa bara barewa tana gabas ka karya reshe a arewa."

"Gibi dai gibi ne."

"Zauna, mijin Yaya, kafin jininka ya hau. Kawo man takalmi, marar launi. Duk inda ba ma so gam ya kama sai an shafe shi da shi. Ka manta wuri ɗaya, to kujera da bindiga sun yi auren coci, sai mutuwa."

Maganar auren cocin nan ta shiga Delbert fiye da yadda Lyle ya nufa. Ya tono gwangwanin man takalmi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda Verna ke ajiye shi, ya shafe gadon bayan bindigar. Ya sake shafewa. Ya shafe notuna, ya shafe gefen katako, ya shafe sukundireba, har ya fara nufar madubin da ke gefe Lyle ya ƙwace gwangwanin. Daga nan komai a teburin ya koma kamar tarwaɗa. Noti ɗaya ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin firji, tsofaffi biyu suka durƙusa suna zungura da ludayi, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi, kuma da aka samo shi sai da aka yi shawarar wanda zai fara tashi ya ɗaga ɗaya.

Suka toshe ramukan notin baya da yumɓun wasan yara. Lyle ya kankare ƙarƙashin kujerar da takarda mai yashi don gam ya sami abin kamawa, ya ce Delbert ya gauraya kaɗan, kamar ƙwayar wake. Ya juya yana neman tabaransa, ya juyo ya tarar an matse rabin robobin a kan kwali.

"Gada za ka gina?"

"Gara ya yi saura da ya kasa."

Aka shafa, aka ɗora kujerar, aka ɗaure notin gaba a hankali ba tare da matsewa ba. Gam ɗin ya fito ta ko'ina, toka-toka kamar siminti. Suka bi shi da audugar goge kunne, da ta ƙare suka koma yatsa. Lyle yana goge nasa da jarida. Delbert kuwa bakinsa yana kan labarin gibi, yana tsara yadda zai faɗa wa Emmet, hannunsa yana zuwa baya yana dawowa, yana zuwa yana dawowa, shi bai ma san yana yi ba.

"Shi ke nan," Lyle ya ce yana rufe akwati. "Kada ka taɓa ta sai gobe. Kada ka matsa kusa. Kada ma ka kalle ta, na san idonka."

Da ya dawo washegari don su ɗaga kujerar, ya shigo da tsokanarsa a baki kamar kullum, sai ya tarar da Delbert zaune a kicin da singileti, rigar tana kan cinyarsa. A tsakiyar jelar, kan furannin nan ruwan ɗorawa, gam ya bushe faɗin tafin hannu, da shatin yatsu huɗu a jiki, ya yi tauri kamar murfin gwangwani. Delbert yana ta kankara da farce, ko gezau. Ya gwada ruwan zafi, ya gwada fetur, duk a banza. Aikin da ya tayar don ya ceci ƙyallen nan, shi ne ya ɓata shi, da hannunsa, kuma da halin da ta yi shekara arba'in tana yi masa faɗa a kai. Baƙin ciki ya cika shi har ya kasa ɗaga kai.

"Tawul yana nan a rataye," ya ce a hankali. "Yana kallona."

Lyle ya dubi ƙyallen. Ya san shi. Ya sha cin abinci yayarsa, mai wannan ƙyallen, tana tsaye a kansa tana ce masa ya rage gishiri. Tun da aka haife shi ba a taɓa jin Lyle Rishel ya haɗiye magana ba sai ran nan. Ya jawo bindigar, ya kwance noti, ya ɗan ƙwanƙwasa kujerar da ƙotar sukundireba. Ta ɗago tsaf, ƙarƙashinta sumul kamar an zuba ta a kan bindigar. Suka huda ramuka, suka goge man takalmi, suka ɗaure komai, suka tafi bayan gonar Lyle. Delbert ya auna kwali ya harba uku, ramukan suka haɗu wuri ɗaya, a ranar da sanyi ke yanka kunne.

"To," Lyle ya ce, muryarsa ta ɗan dawo. "Uzuri ya riga mu gidan gaskiya. Sai haƙuri, mijin Yaya."

Litinin ɗin da ke bin Idin Godiya, bikin nan na ƙarshen Nuwamba, aka buɗe farauta, ciki cike da ragowar talotalo. Gari na wayewa Delbert yana kan kututturen da ya saba zama, falmaran ruwan goro a kan jaket, jaket a kan riga, busasshen gam yana tokarinsa a ƙugu duk lokacin da ya motsa. Dusar ƙanƙara ta kwanta, daji tsit. Ya yi ta faɗa wa kansa cewa bana daban ce. Kujera ta zauna, madubi ya zauna, saura shi.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga barewa. Namiji ne, ƙato, ƙahonsa kamar an ɗora masa kujerar katako a ka, ya fito daga cikin itatuwa ya tsaya a fili, ya ba da haƙarƙari, kusa ƙwarai, har ana ganin tururin hancinsa. Delbert ya ɗaga bindiga. Ya leƙa madubi. A karo na farko a rayuwarsa ya san tabbas babu abin da ke motsi a jikin bindigar nan, amma ga barewa tana tsalle a cikin madubi, sama, ƙasa, hagu, dama, alhali ita tana tsaye ko kunne ba ta kaɗa ba. Zuciyarsa tana bugawa har a haƙoransa. Ya ce wa yatsansa, "Dakata, don Allah dakata, bari in yi numfashi." Yatsan bai saurare shi ba.

Ƙarar ta zagaye dutsen ta dawo. Wani reshe can sama ya sauke ƙanƙararsa yuu. Barewar ta ɗaga kai ta dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi atishawa a coci, ta juya ta tafi abinta ba tare da ko sassarfa ba.

Ya daɗe zaune a kan kututturen. Ya je ya duba wurin, ko ɗigon jini babu, ko gashi. Ƙarya ba za ta yiwu ba. Kowa a dutsen nan ya san muryar bindigarsa, kuma shi ban da maganar kujera bai iya ƙarya ba. Ya kai hannu baya ya riƙe jelar, ya tsaya haka cikin sanyi har yatsunsa suka mutu. Da ya iso sansani ya tarar Emmet, wanda ya ji harbin daga kicin, har ya riga ya buga sabuwar ƙusa a ƙarshen layi.

Bayan an ci wake da naman alade aka ture kwanuka, kotu ta zauna. Lyle ya kifa tsohuwar hular alƙalci mai jelar yanyawa, ya buga ludayi a tebur.

"Delbert Kuhns, an ji ka harba. Ina nama?"

"Yana daji da ƙafafunsa."

Aka fashe da dariya. Lyle ya sake buga ludayi. "Mai laifi yana da uzuri?"

Kowa ya gyara zama, don wannan ne wurin da aka fi so. Fasto har ya fara motsa baki yana shirin raka shi, saboda duk sun haddace jawabin. Delbert ya dubi ƙasa.

"Babu. An gyara kujera. Ni ne."

Dariyar ta tsaya a rabi. Shi kuwa ya cire jaket, ya juya musu baya, ya dafa tebur da hannu biyu kamar yadda ya saba. Fitila ta haska shuɗin ƙyallen da furanninsa. Da rana ba wanda ya ɗaga masa jaket bana, kowa ya yi kamar ya manta, don haka sai yanzu suka gani. Emmet ne ya fara ganewa, ya ajiye butar kofi a hankali. Kowane jajibirin farauta Verna takan hau dutsen nan da kek ɗin tuffa, da wannan ƙyallen a gabanta, ta zazzage su a kan ƙazantar sansani ta koma. Ba wanda yake so a yanke, kuma ba wanda ya isa ya ce a bari. Ba a taɓa yafe wa kowa ba, kuma duk sun san Delbert: gara ka yanke masa jela da ka ji tausayinsa a gaban mutane.

Lyle ya zare wuƙar babansu. Ya zagayo, ya kama jelar, ya bi ta da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan kamar tela yana duba yadi. Sannan ya naɗe ta, ya ɗora kaifin a tsakiyar busasshen gam ɗin, ya fara yanka. Ƙarar-ƙarar-ƙarar, kamar ana kankare ƙanzo.

"Kai! Wannan riga ce ko murfin tukunya?" Ya danna, ya yi nishi, ya taka benci da ƙafa ɗaya. "Mijin Yaya, sulke ka sa ka zo kotu? Emmet, zo ka gwada, kai ne mai saran ƙashi."

Emmet ya karɓi wuƙar. Ya dubi jelar, ya dubi Lyle. Ya ɗora kaifin daidai inda Lyle ya ɗora, ya yi ta gurzawa har da cije leɓe.

"Ina! Wannan sai injin walda."

Fasto ya naɗe hannun riga ya gwada, shi ma a nan. Wuƙar ta zagaye ɗakin, hannu zuwa hannu, kowa ya gurza a wuri ɗaya, kowa ya yi tsaki, kowa ya tsine wa wanda ya ƙirƙiro gam. Dariya ta dawo, har ta fi ta ɗazu ƙarfi, irin wadda mutum ke yi yana share ido. Lyle ya karɓi wuƙarsa ya buga ludayi.

"Kotu ta yi iyakar ƙoƙarinta. Doka ta ce a yanke da wuƙa, ba ta ce a kawo zarto ba. An mai da hukunci wanke-wanke. Kotu ta tashi."

Delbert ya miƙe daga kan teburin. Ya kai hannu baya ya shafa. Gam ɗin faɗin tafin hannu ne kawai. Samansa, inda ɗinkin Verna ya bi, yadi ne laushi, tsohon ƙyallen girki da wanki ya cinye, wanda ko almakashin yara zai raba shi biyu. Ya dubi ƙanin matarsa, wanda ya duƙufa yana duba bakin wuƙa a gaban fitila kamar bai taɓa ganinta ba.

"Lyle. Wuƙar nan fa jiya na ga kana aske gashin hannu da ita."

Lyle bai ɗago ba. "Sanyi ne. Da rani lafiya lau take. Amma da sanyi ya shiga ƙarfe, sai ta dakushe. Ni na san abin da nake ji a hannuna."

Delbert ya gyaɗa kai.

"Haka ne," ya ce. "Ai na sha faɗa muku."

Ya tattara kwanuka ya wanke su tas, har da tukunyar waken da ta kama. Da ya gama, hannunsa jiƙe ya nufi baya da kansa, ya kai rabi, ya tsaya. Ya waiga ya ɗauki tawul ɗin Emmet ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya nemi inda zai rataye shi, ya ga ƙusar nan sabuwa a ƙarshen layinsa babu komai a kanta, ya rataye shi a nan.